Daɗin Murya Daban, Iya Hausa Daban: Martani Daga Garwa Ga Masu Cewa A Ajiye Ƙamus

Akwai wata magana da ta yi ƙarfi a bakin ɗaliban Hausa a 'yan shekarun nan. Na ji ta daga ɗalibai ba sau ɗaya ba, na kuma ji ta daga bakin wani malami, wanda shi ne ya fi ba ni takaici. Wai wahalar karin sauti da tsawon wasali ta ƙare. Wai yanzu mutum zai rubuta jimla a wayarsa, manhaja ta karanta masa ita da murya mai daɗi kamar ta mai karanta labarai a rediyo, to me zai kai shi ɗaga ƙamusun Bargery yana bin alamomin da ke kan wasula ɗaya bayan ɗaya? Malamin nan har ya ƙara da cewa darasin tsarin sauti ya kusa zama tarihi. Hujjarsu ɗaya ce tal: kai dai saurara ka ji, ai kamar mutum.

Na saurara, kuma na yarda kamar mutum ne. Abin da nake musu a kansa shi ne tsallen da suke yi daga "kamar mutum" zuwa "ta iya Hausa". Tsakanin waɗannan biyun akwai rami mai zurfi, kuma mu da muke zaune a Garwa, a arewacin Kamaru, mun fi mutanen Kano kusa da bakinsa.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu, a unguwar Hausawa da ake kira Hausare. Gwaggona idanunta sun yi rauni, ba ta ganin rubutun waya. Wani jikanta ya sa mata wata manhaja mai karanta saƙo da Hausa, ta yi murna ƙwarai, har tana ce mata "'yar aikina". Mijinta, Baffa, yana fama da hawan jini. Ɗansu da ke aiki a Yola ya kai wa wani likita sakamakon gwajin da aka yi wa Baffa, bayan sun gama magana sai ya rubuto saƙo: "Likita ya ce ya daina shan maganin." Manhaja ta karanta wa Gwaggo da murya lafiya lau, ta ja "ya" ta biyu ta ɗaga ta sama: yaa daina. Gwaggo ta ji ƙara ce aka kawo mata, wato likita ya gano tsohon nan ya bar shan magani a ɓoye. Ta tasa shi gaba da faɗa, ta tsaya a kansa har ya haɗiye. Sai da gari ya waye ɗan ya bugo waya yana tambaya ko an dakatar, ta ce an dakatar da me? Ya ce, "Inna, ai cewa aka yi yà daina, maganin ne bai karɓe shi ba." Allah ya tsare, kwana ɗaya ne kawai, Baffa bai sami wata illa ba.

Ɗalibi ya dubi jimlar nan da kyau. Babu kuskuren rubutu a cikinta ko ɗaya. Ƙa'idar rubutun Hausa ba ta nuna karin sauti, ba ta kuma nuna tsawon wasali, saboda haka "ya" guda ɗaya take a takarda alhali huɗu ce a baki. Akwai yaa mai tsawo mai sautin sama, ta shuɗaɗɗen lokaci: yaa tafi, ya riga ya wuce. Akwai yà gajera mai sautin ƙasa, ta umurni ko fata: yà tafi, a bar shi ya kama hanya. Akwai ya gajera mai sautin sama, wadda ke zuwa a irin "shi ne ya tafi". Akwai kuma yâa mai faɗuwa, ta lokaci mai zuwa na biyu: yâa tafi, wataƙila nan gaba. Wani zai ce ai ko mutum aka ba saƙon nan zai iya ruɗewa. Gaskiya ne. Amma mutum zai dakata, ya sake dubawa, ya ce "wannan fa tana da fuska biyu, a kira shi a ji." Manhajar ba ta dakata ba. Ta yi canke, ta faɗi cankenta da muryar wanda ya tabbata, kuma daɗin muryar ne ya hana Gwaggo shakka.

Yadda aka yi na'ura ta sami wannan murya

Domin kada a ce ina sukar abin da ban sani ba, ya kamata mu bi tarihin kaɗan. Cikinsa ma akwai darasin ilimin furuci da ya fi na wasu littattafan aji.

Tun a 1791 wani mutum a Biyana mai suna Wolfgang von Kempelen ya wallafa bayanin wata na'urar magana da ya ƙera: zuga-zugi irin na maƙera a madadin huhu, ɗan tsinken busa kamar na bakin algaita a madadin maƙwallato, da wani kwaroro mai laushi da ake sarrafawa da hannu a madadin baki. A 1939 kamfanin Bell ya nuna Voder, na'urar Homer Dudley mai aiki da lantarki, a bajekolin duniya na birnin New York, inda wasu mata da aka horar suke danna maɓallai da taka feda tana fitar da jimloli. Amma wanda ya ɗora abin a kan lissafi tsayayye shi ne Gunnar Fant, ɗan ƙasar Suwidin, a littafinsa na 1960. Fant ya raba murya gida biyu. Gida na farko tushe ne: iska ta taso daga huhu ta kaɗa tantanin maƙwallato, ya riƙa buɗewa yana rufewa, wajen sau 100 zuwa 120 a daƙiƙa ɗaya ga namiji baligi, wajen sau 200 ko fiye ga mace. Wannan ita ce zizar da muke karantawa a aji. Gida na biyu matata ce: maƙoshi da kogon baki da hanci, waɗanda ke tace wannan ziza su ba ta siffar /a/ ko /i/ ko /u/ gwargwadon inda harshe da leɓɓa suka tsaya.

Domin lissafin ya yi sauƙi, sai aka ɗauka cewa gidajen nan biyu ba ruwan wani da wani, kuma komai yana tafiya a miƙe. Miƙaƙƙen lissafi shi ne irin na mai awo a kasuwa: mudu ɗaya kaza ne, mudu biyu ninkinsa, mudu goma ninki goma, ba abin mamaki a hanya. A kan wannan zato aka gina dabarar da Itakura da Saito a Japan, da Atal da Schroeder a Amurka, suka fito da ita a ƙarshen shekarun 1960: a hasashi kowane ɗigon sauti ta hanyar auna ɗigogi goma ko sha biyu da suka gabace shi a tara su. Dabarar ta yi amfani matuƙa, da 'ya'yanta wayoyin salula suke matse muryarmu su aika. A kan nazarin Fant ɗin dai Dennis Klatt ya gina tasa na'urar a 1980, wadda daga irinta aka sami muryar da masanin kimiyya Stephen Hawking ya yi magana da ita har ƙarshen rayuwarsa. Duk wanda ya taɓa jin ta ya san yadda take: ana fahimta, amma ba wanda zai rantse cewa ɗan Adam ne.

Me ya sa? Saboda maƙwallato ba mai awo ba ne. Ya fi kama da jaki. Ka ɗora masa buhu ya tafi, ka ƙara ya tafi, ka ƙara ɗan ƙunshi kaɗan ya durƙushe ya ƙi tashi. Ƙari kaɗan ya jawo sauyi babba, kuma ba a hankali ba, farat ɗaya. Wannan shi ne lissafin da ba miƙaƙƙe ba. A 1972 Ishizaka da Flanagan suka kwatanta kowane ɓangare na tantanin maƙwallato da 'yan nauyaya biyu da aka haɗa da abu mai talewa, suna karo da na ɗaya gefen duk lokacin rufewa, iska na tura su suna kuma sauya tafiyar iskar. Daga baya Herbert Teager da Shushan Teager suka auna tafiyar iska a cikin baki lokacin furta wasali, suka nuna ba ta tafiya shimfiɗe kamar yadda aka zata: tana tsiri, tana manne wa bango, tana juyi. Wanda ya taɓa tsayawa a kan gadar Binuwai a nan Garwa lokacin da ruwa ya cika ya ga misalin wannan da idonsa. Daga nesa kogin kamar tabarma, amma dubi gindin ginshiƙan gada ka ga yadda ruwa ke murɗawa yana komawa baya. Haka iska take yi a bayan maƙwallato. Sa'an nan kaɗawar tantanin kanta ba ta maimaita kanta daidai wa daida. Kowane bugu yana ɗan saɓa wa na bayansa a tsawo da ƙarfi, wani lokaci ma bugun ya rabu biyu, babba da ƙarami, ko ya rikice gaba ɗaya. Waɗannan 'yan saɓani da tsohon lissafi ya share a matsayin datti, su ne kunne yake ji ya ce wannan mai rai ne.

Ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. A Turanci da Faransanci, yawancin abin da ke bambanta kalma da kalma yana faruwa ne a gida na biyu, wato a baki. Saboda haka injiniyan da ya raina tushe bai yi babbar asara ba, ya dai sami murya marar armashi. A Hausa kuwa ma'ana tana zaune a maƙwallato. Karin sauti ba komai ba ne illa saurin kaɗawar tantanin nan: shi ya raba kuukaa na hawaye da kuukàa ta miya, ya raba farii na launi da farìi na rashin ruwan sama. Tunkuɗau ƙ da ts, maƙwallato ne ke rufewa ya yi sama ya tunkuɗo iska: shi ya raba ƙura da kura, ya raba baƙin da suka sauka gidanka da bakin da kake cin tuwo da shi. Haɗiyau ɓ da ɗ, da kuma 'y, duk hamzantawa ce. A 1984 Mona Lindau ta auna ɓ da ɗ na Hausa ta gwama su da na wasu harsunan kudancin Najeriya irin su Kalabari, ta tarar a bakin mafi yawan Hausawan da ta naɗa suna zuwa ne da kakkaryayyar ziza marar tsari, kamar ƙarar ƙyauren da ya daɗe bai ga mai ba. Wato ainihin rikicewar kaɗawa da miƙaƙƙen lissafi ba ya iya kamawa, ita ce ke raba ɗaure da daure, ta raba ɓari da bari. Abin da yake kwalliya a harshen wasu, a namu ginshiƙi ne.

A watan Satumbar 2016 kamfanin DeepMind na Landan ya fito da WaveNet. Maimakon a rubuta wa na'ura dokokin maƙwallato, sai aka ba ta naɗaɗɗun muryoyi masu yawa, aka bar wata sarƙar lissafi mai hawa-hawa, wadda ba miƙaƙƙiya ba, ta koyi hasashen ɗigon sauti na gaba, ɗigo 16,000 a kowace daƙiƙa. Da aka ba masu saurare su ba da maki daga 1 zuwa 5 a kan yadda muryar ta yi kama da ta mutum, a Turancin Amurka ta sami 4.21, muryar mutum ta gaske ta sami 4.55. A ƙarshen 2017 tsarin Tacotron 2 na Google ya kai 4.53. Ba na raina wannan aiki. Gagarumi ne, kuma irin waɗannan na'urori suna iya koyon kakkaryewar ɗ da tunkuɗar ƙ idan sun ji su da yawa. Matsalar da ta gagari mutane tun zamanin zuga-zugi, an ci ƙarfinta.

Sai dai akwai wani gwaji da masu WaveNet suka yi wanda ya kamata kowane ɗalibin harshe ya sani. Sun horar da ita ba tare da ba ta rubutu ba, suka ce ta yi magana. Ta yi. Murya sumul, da numfashi, da motsin leɓe, da hawa da sauka, amma babu kalma mai ma'ana, surutai ne zalla. Su da kansu suka sa wa duniya ta ji. To wace shaida ake nema bayan wannan cewa kama da mutum abu ne guda, faɗin abin da ake nufi kuma wani abu ne dabam? Makin nan na 1 zuwa 5 da ake ta yayatawa, tambayar da ke bayansa ita ce "ya yi maka kama da mutum?" Ba a tambayi kowa ba ko yà aka ce ko yaa.

Hujjojin da za a kawo mini

Za a ce ai Sinanci ma yana da karin sauti, kuma na'ura ta iya shi. Haka ne, a wancan gwajin na 2016 ma har da Sinanci. Amma a can, kafin rubutu ya isa wurin mai fitar da murya, an riga an bi ta ƙamus an mayar da kowane harafi zuwa furucinsa tare da lambar karin sautinsa. An gaya wa na'ura, ba a bar ta ta yi duba ba. Yarabanci kuwa ƙa'idar rubutunsa ta tanadi alamomin karin sauti a kan wasula. Mu namu rubutun tsirara yake zuwa. Tun daga ƙa'idojin Hans Vischer na 1912, zuwa ƙugiyoyin da aka shigo da su a shekarun 1930 zamanin Rupert East a Zariya, an gina bokon Hausa ne domin Bahaushen da ya riga ya san harshensa, wanda zai cike giɓin da kansa. Taron Bamako na 1966 ya kawo shawarar ninka dogon wasali, Nijar ta bi wannan na wani lokaci, daga baya aka daidaita da Najeriya a taron Yamai na 1980 aka bar shi. Fulatanci ya riƙe nasa: yaron da ya koyi rubuta shi a nan yana rubuta laawol da a biyu, ba ya shakkar tsawonta. Kamaru ma tana da haruffan bai-ɗaya na harsunanta tun 1979, aikin da Maurice Tadadjeu da Etienne Sadembouo suka jagoranta, kuma an tanadi alamomin karin sauti a ciki. Ba ina kira a sauya ƙa'idar rubutun Hausa ba ne, ta yi wa jarida da littafi hidima tun Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ina cewa ne rubutun da ya ishi Bahaushe bai ishi na'ura ba, kuma cike wannan giɓi aikin wanda ya karanta tsarin sauti ne, darasin da ake cewa a binne.

Za a ce na'ura tana gane ma'ana daga kalmomin da ke kewaye. Sau da yawa tana yi. Idan ta ga "miyar kuka" ta sha ganin irinta, za ta dace. Idan ta ga "buhun gari" za ta iya jan wasalin ta ce gàarii, ba gàrii na mutane ba. Amma lamirin lokaci fa? "Likita ya ce ya daina" daidai take ta kowace fuska, abin da zai raba gardama yana can cikin abin da ya faru a Yola, ba ya cikin jimlar. "Ba shi" fa, a miƙa masa ne ko ba ya nan? Kuma wuraren da canke ya fi wuya su ne wuraren da kuskure ya fi tsada: umurni da labari, bayarwa da korewa, tambaya da tabbatarwa. Ƙara da wannan halin da muka ɗaura wa kanmu na rubuta Hausa a waya babu ƙugiya. Wanda ya rubuta "karya" yana nufin ƙarya ya riga ya yi wa na'ura ƙarya tun kafin ta buɗe baki.

Za a ce a ƙara mata muryoyi za ta gyaru. To muryar wa, tana karanta me? Rumbun BibleTTS na 2022, wanda ke da Hausa cikin harsunansa goma, karatun Littafi Mai Tsarki ne a ɗakin naɗar murya. Aikin da kamfanin Meta ya fitar a watan Mayun 2023 mai harsuna sama da 1,100 shi ma an gina shi ne a kan karatun Sabon Alkawari. Masu aikin ba su ɓoye dalili ba: shi ne abin da aka samu a naɗe, mai tsabta, tare da rubutunsa. Ba laifinsu ba ne da ba su tarar da wani abu a rumbunmu ba. Amma ko wane littafi ne, karatu karatu ne. Mai karatu a gaban makirufo ba ya ciniki, ba ya zolayar jika, ba ya yi wa maƙwabci ta'aziyya, ba ya tambayar mamaki. Ɗalibi ya san cewa a jimlar bayani sautin sama yana ta gangarowa kaɗan-kaɗan har ƙarshe, a jimlar tambaya kuwa gangarowar tana tsayawa, sautin sama na ƙarshe ya ƙara ɗagawa. Na'urar da ba ta sha jin tambayar gaske ba za ta karanta "Kin ci abinci?" kamar mai ba da shaida a gaban alƙali.

Abin da ya sa na ce mun fi kusa da ramin

Garwa gari ne na harsuna. Fulatanci ne harshen kasuwa da unguwa tun zamanin da ƙasar nan take ƙarƙashin Fombina, Faransanci ne na makaranta da ofis, Hausa kuwa ta shigo da fatake ta zauna, ta zama harshen gida ga wasu, harshen ciniki da Yola da Mubi ga wasu, harshen finafinan Kano da rediyo ga kusan kowa. Ɗan Kano idan manhaja ta karkace masa kalma, kunnensa zai ƙi ta tun kafin ya yi tunani, domin duk inda ya juya Hausa ce ke gyara masa. Yaron Garwa da ya tashi da Fulatanci yana son ya ƙware a Hausa ba shi da wannan gata. Harshensa yana da ɓ da ɗ da 'y, waɗannan ba su ba shi wuya. Amma babu ƙ, babu ts irin tamu, kuma babu karin sauti mai bambanta kalma da kalma. Wato daidai wurin da na'ura ke canke, nan ne kunnensa ba shi da mai gadi. Idan aka ce masa ya ajiye ƙamus ya bi manhaja, an haɗa makaho da ɗan jagoran da ba ya cewa "ban san hanyar nan ba". Zai haddace kuskure da murya mai daɗi, ya kuma koya wa na bayansa.

Akwai wani abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba, kuma ya kamata ya sa masu yi wa Hausar Kamaru dariya su ɗan sassauta. Ɗaya daga cikin rumbunan muryoyin Hausa na farko-farko da masu binciken na'ura suka dogara da shi, a Kamaru aka naɗe shi. Masu bincike na cibiyar fasaha ta Karlsruhe a Jamus, ƙarƙashin shirin GlobalPhone na Tanja Schultz, sun naɗi mutum 102 a wurare biyar na ƙasar nan, kusan awa 9, suka gabatar da sakamakon a 2012. Nasu aikin na ɗaya gefen ne, wato na'ura ta saurari magana ta rubuta. Kuma abin da suka gano ya yi daidai da maganata: da suka shigar da karin sauti da tsawon wasali cikin lissafinsu, kuskuren na'urar ya ragu. Injiniyoyi a Jamus sun ga amfanin abin da malamin Hausa yake cewa a jefar.

Duk da haka ina da ƙorafi ko a nan. Mutanen nan 102 labaran jarida aka ba su su karanta. Baki na Kamaru, jimla ta wasu. Hausar da ake yi a zaure a Hausare, da kalmomin da ta aro daga Fulatanci da Faransanci, da irin tata rausayar, ba ta shiga ba. Lokacin gasar cin kofin Afirka a watan Janairun 2022, da 'yan kallo daga Najeriya suka cika garin nan domin wasannin da ƙungiyarsu ta buga a filin Rumde Ajiya, mun sha zolaya a wurin masu shayi: wai Hausarmu ta sha nono. Mun rama, aka yi dariya, kowa ya fahimci kowa. Wannan zolaya tsakanin 'yan'uwa ba ta kashe karin harshe. Abin da ke kashe shi shi ne murya guda ɗaya tilo da ke fitowa daga kowace waya, safe da yamma, har yaro ya ɗauka cewa yadda kakarsa ke magana kuskure ne. Ina koyar da Daidaitacciyar Hausa, ina kuma kare ta, domin ita ce ta haɗa mu da Sakkwato da Maraɗi da Kumasi a takarda ɗaya. Amma an daidaita rubutu ne, ba a taɓa zama an ce kowa ya ari maƙwallaton mutum ɗaya ba. Ko sunayen garuruwanmu ma abin dubawa ne: a takardun hukuma da rubutun Faransanci suke, Garoua da Maroua da Ngaoundéré, manhajar Gwaggo kuwa idan ta ci karo da su a tsakiyar jimlar Hausa sai ta bi su harafi-harafi, ta fito da sunan garin da ba wanda ya taɓa zuwa.

Saboda haka ɗalibin da ke jin cewa na'ura ta ƙwace masa sana'a ya sake tunani, aikin ma yanzu ya zo. Ana bukatar wanda zai ɗauki shafi na rubutun yau da kullum ya sa wa kowace gaɓa karin sautinta da tsawonta, yana duba Bargery na 1934 da Abraham da Newman da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 inda ya yi shakka, kuma ya rubuta a gefe inda furucin garinsu ya saɓa da na ƙamus maimakon ya goge shi. Ana bukatar wanda zai zauna da tsofaffi da mata da 'yan kasuwa ya naɗi hirarsu ta gaske, bayan ya gaya musu abin da za a yi da ita sun kuma yarda, domin murya amana ce, kuma na'urar yau tana iya kwaikwayon mutum ta sa shi faɗin abin da bai faɗa ba. Jami'ar Ngaundare tana nan tun 1993, ta Marwa tun 2008, ta Garwa tun 2022. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri ba sai ya sake rubuta "Jigo da Salo" karo na ɗari ba. Ana kuma bukatar mu nemi abu ɗaya daga masu ƙera manhajojin nan: inda jimla take da fuska biyu, na'ura ta faɗa, ko ta karanta duka biyun. Tsohuwar muryar ƙarfe, duk muninta, tana da wannan ladabi ba da saninta ba, kowa ya ji ta ya san ya yi hattara.

Ga malamin da ya ce darasinmu ya zama tarihi kuwa, ga tayi. Ya zo da manhajar da ya fi amincewa da ita. Ni zan zo da jimloli ashirin, kowace da ɗan labarin da ke nuna abin da ake nufi: ya tafi ta fuskokinta huɗu, ba shi ta fuska biyu, kuka da kuka, fari da fari, baba uba da baba gwaggo da baba na marina, da tambayoyi uku da ba su da kalmar tambaya sai alama. Mu zauna a zaure da dattawa biyar, kada a nuna musu rubutun, kada kuma a tambaye su ko muryar ta yi musu daɗi. Bayan kowace jimla a tambaye su abu ɗaya: me aka ce a yi? Gwaggo ta ce a sa ta cikin biyar ɗin, kuma ita za ta kawo jimla ta ashirin da ɗaya.